Ertugrul, ko Sa'o'i Ɗari Uku na Farautar Munafuki

An daɗe ba a ga shirin talabijin da iyaye da ƴaƴansu, da liman da ɗan fada, suka haɗu a kan yabonsa ba kamar Dirilish Ertugrul na Turkawa. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, ya bi katin salula ya shiga gidajen da ake kashe tele da zarar an sa fim ɗin Indiya. Hujjar masu yabon ɗaya ce ko'ina: ga tarihin Musulunci, ga tarbiyya, ga mata a suturce. Wannan hujja ce nake so in tuhuma a gaban malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, domin ku ne ake kawo wa tambayoyin da shirin ya haifar, kuma a ajinku ne abin da ya shuka yake tsirowa.

Sai a ba shi haƙƙinsa tukuna. Lokacin da tashar gwamnatin Turkiyya, TRT 1, ta fara nuna shi a watan Disamba na 2014, ya zo da abin da ido ya yi kewa. An ga makiyaya da tantunansu suna neman makiyaya ga dabbobinsu kafin sanyi ya kama su, an ga maƙeri a maƙerarsa, mata suna saƙa da rini, dattijuwa Hayme tana riƙe da gida da kabila da kalma guda. Duk wanda ya taɓa ganin Fulani ko Buzaye sun ɗaura kaya ya gane wannan rayuwa ba tare da tafinta ba. Bayan shekarun da tashoshinmu suka yi suna ɗura mana soyayyar attajiran Brazil da Meksiko, ganin mutanen da ke alwala su fuskanci gabas a cikin fim ba ƙaramin abu ba ne. Kashin farko ya yi alkawarin nuna yadda ƙaramar kabilar makiyaya, wadda ke matse tsakanin Rumawa da Mongolawa, ta zama tushen daular da ta yi shekara fiye da 600. Babban alkawari ne, kuma tambaya ce da masana tarihi suka shekara ɗari suna gardama a kanta.

Amsar da shirin ya bayar, bayan kashi biyar da fitowa 150, ita ce: Ertugrul yana da gaskiya, sauran mutane suna da munafukai. Ba wata amsa bayan wannan. A kashin farko munafukin shi ne Kurdoglu, aminin uban Ertugrul. Aka sare shi, sai ga Gumushtekin da Aytolun a kashi na biyu. Aka gama da su, sai ga Ural. Ana cikin haka waziri Sadettin Kopek yana ƙulla tuggu daga fadar Konya. A kashi na ƙarshe kuma Beybolat. Sunaye ne kawai ke sauyawa, zanen ɗaya ne: maci amana yana zaune a majalisa yana murmushi, mu masu kallo mun san shi tun fitowarsa ta farko, jarumi ba ya gane shi sai bayan fitowa ashirin, a yi wa jarumi ƙazafi, a ɗaure shi, a kai shi bakin takobi, Turgut da Bamsi su iso a daidai lokacin, a fille kan munafuki, a yi kabbara, mako mai zuwa a ɗauko sabo. Wasiƙa ba ta taɓa isa hannun mai ita. Kowace tafiya akwai kwanton ɓauna a dajin nan guda. Yaron firamare da ya kalli fitowa talatin zai iya rubuta sauran ɗari da ashirin.

Wannan maimaici yana da dalili, kuma dalilin na kasuwa ne. A Turkiyya fitowa ɗaya ta shirin dare takan kai sa'a biyu ko fiye, domin tasha tana son ta riƙe mai kallo daren gaba ɗaya ta sayar da tallace-tallace. Tun a 2010, lokacin da tsawon bai ma kai haka ba, marubuta da ma'aikatan fim sun yi zanga-zanga a Santambul suna kukan cewa ana kashe su da aiki. Marubucin da aka ce ya kawo fim na sa'a biyu kowane mako ba shi da lokacin tunani, sai ya koma ga abin da ya yi aiki jiya. Shi ya sa ake kallon-kallo na minti guda kafin a ce uffan, shi ya sa doki ke sukuwa a hankali ana kiɗa. Da aka yanka shirin gunduwa-gunduwa don kasuwannin waje, fitowa 448 aka samu. A lissafa: kimanin sa'o'i 300. Ɗalibin lise da ya kalle shi duka ya ba shi lokacin da ya ninka abin da yake ba darasin tarihi a shekara guda.

To me ya koya? A nan ne takaicin ya fi zafi. Abin da aka tabbatar game da Ertugrul bai cika tafin hannu ba. Akwai wani tsabar kuɗi da aka danganta wa zamanin ɗansa, mai ɗauke da sunan Usman ɗan Ertugrul. Akwai kabarin da ake ziyarta a Sogut. Ana cewa ya rasu wajen 1280. Marubucin Rumawa Pakimeres, wanda ya rayu a zamanin, ya ambaci Usman saboda yaƙin Bafeus na 1302, bai kawo labarin ubansa ba. Littattafan Turkawa da suka ba da labarin Ertugrul dalla-dalla, irin na Ashikpashazade, a ƙarni na 15 aka rubuta su, kusan shekara 200 bayan mutuwarsa, a lokacin da jikokinsa suka zama manyan sarakuna masu bukatar asali mai daraja. Ko sunan uban Ertugrul ba a daidaita a kai ba: shirin ya ce Sulaiman Shah, masana da yawa na yau sun fi karkata ga Gunduz Alp. Bamsi kuwa, mai takuba biyu da yara ke kwaikwayo a tsakar gida, daga tatsuniyoyin Dede Korkut aka aro sunansa. Mehmet Bozdag, wanda ya ƙirƙiro shirin, bai ɓoye ba: ya faɗa wa ƴan jarida cewa abin da aka sani game da zamanin bai wuce ƴan shafuka ba, sauran da tunani aka cike.

Har tutar nan mai shuɗi da alamar kabilar Kayi, wadda samari ke sawa a fuskar salularsu, tana da labari. Danganta gidan Usman da Kayi, babban reshe cikin kabilun Oguz, ya yi ƙarfi ne a zamanin Sarki Murad na Biyu, a farkon rabin ƙarni na 15, bayan Timur ya karya daular a 1402 ya kuma raina asalin masu ita. Mu a nan ba baƙin irin wannan ba ne. Mun san Bayajida da aka ce daga Bagadaza ya taso. Mun san labarin da ke cewa daga Santambul aka ɗauko Yunus, sarkin Ayar na farko, wajen 1405, alhali a 1405 Santambul tana hannun sarkin Rumawa Kirista, Turkawa ba su ci ta ba sai 1453. Malamin da ya karanta aikin Djibo Hamani a kan sarautar Agadas ya san yadda ake riƙe irin waɗannan labarai: ba a zubar da su, ba a kuma haɗiye su, ana tambayar wa ya faɗe su, yaushe, don amfanin wa. Abin mamaki, mutumin da ke yi wa labarin Bayajida wannan tankaɗe, shi ne zai zauna gaban tele ya karɓi na Kayi kamar saukakken littafi, don kawai an zo masa da shi da kyamara mai tsada.

Dubi abin da aka yi wa Ibn Arabi. Mutumin da aka haifa a Mursiya ta Andalus a 1165, ya rubuta Futuhatul Makkiyya da Fususul Hikam, littattafan da malamai suka yi ƙarnuka suna sharhi da jayayya a kansu, an mayar da shi wani tsoho mai ɓullowa daga bayan itace duk lokacin da jarumi ya shiga uku, ya ba shi ƴar nasiha, ya ɓace. Gaskiya ne ya zauna a Konya da Malatya, amma daga 1223 a Dimashƙa ya tare har rasuwarsa a 1240, kuma babu wata shaida cewa ya taɓa haɗuwa da Ertugrul. Alaƙarsa da gidan Usman daga baya ta zo: Dawud al-Ƙaisari, mai sharhin Fusus, shi ya shugabanci makarantar farko da Orhan ya kafa a Iznik, kuma Sarki Salim na Ɗaya ne ya gina masa hubbare bayan ya ci Sham a 1516. Shirin ya ɗauko girmamawar jikoki ya mayar da ita albarkar da waliyyi ya sa wa kaka. (A gefe guda, abin dariya ne ganin wasu da ke sukar Ibn Arabi a wa'azin la'asar suna share hawaye saboda maganarsa bayan isha'i. Wannan kam fim ya yi abin da muƙabala ta kasa.)

Ba ina cewa a hana mai fim ƙirƙira ba. Inda tarihi ya yi shiru, dole mai labari ya yi magana. Med Hondo ma da ya ɗauki Sarauniya a 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani, ya ƙara gishiri a kan abin da ya faru a Lugu a 1899. Ƙarata ita ce, inda tarihi ya yi magana da babbar murya, can ne shirin ya toshe kunne, kuma abin da ya ƙi ji ya fi abin da ya ƙirƙira daɗi nesa ba kusa ba.

A 1240 makiyayan Turkumawa, wato ainihin mutanen tantuna irin na Ertugrul, sun yi wa daular Saljuƙawa tawaye ƙarƙashin Baba Ishaƙ, almajirin Shaihu Baba Ilyas. Sun ci rundunonin sarki sau da dama, kuma da aka zo karon ƙarshe a filin Malya, sojojin haya Kiristoci, Faranjawa, su ne suka tsaya wa sarkin Musulmi aka murƙushe makiyaya Musulmi. Ashikpashazade kansa, wanda labarin Ertugrul ya dogara da alƙalaminsa, daga zuriyar Baba Ilyas ya fito. Ga rikicin makiyayi da fada, ga na shaihu da sarki, ga tambayar wa ke da haƙƙin ƙasa da ciyawa: wane Bagobiri ko Bakatsinen Maraɗi ne ba zai tsaya ya saurari wannan ba? Shekara uku bayan haka, a 1243, Baiju ya karya Saljuƙawa a Kose Dag da rundunar da ba ta kai tasu yawa ba, Sarki Kaikhusrau na Biyu ya gudu daga fagen fama. Daula ce da tawaye ya raunana, manyanta suka ci junansu, sojanta tarkace ne daga ko'ina. Shirin ya kawo mu bakin wannan masifa a ƙarshen kashi na huɗu, sai ya tsallake shekara goma, ya dawo ya tarar da Mongolawa sun riga sun yi kane-kane. Shan kashin da ba za a iya ɗora wa munafuki ɗaya ba, ba shi da wuri a wannan labari.

Haka nan zaman iyaka. Gidan Usman ya girma ne da yaƙi, amma kuma da ƙawance da auratayya da ɗaukar duk wanda ya iya aiki. A 1346 Orhan, jikan Ertugrul, ya auri Tiyodora, ƴar Yohanna Kantakuzenos mai neman gadon sarautar Rumawa, ta kuma ci gaba da addininta, shi kuma ya ba surukinsa soja. Ibn Baɗɗuɗa, wanda daga baya ya ratsa ƙasarmu ya sauka Takadda a 1353, ya zaga Anadolu wajen 1332, ya gana da Orhan, ya yaba karimcin mutanen ƙasar, ya kuma rubuta cewa matansu ba sa rufe fuska kuma mazansu suna cin wiwi ba sa ganin aibinsa. Mutane ne masu jini da tsoka. A shirin kuwa, Kirista iri biyu ne: mai dafa guba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko mai kirkin da ƙarshensa yakan musulunta.

Me ya sa aka zaɓi wannan siffa? A duba mai gayya. TRT tashar gwamnati ce. A watan Nuwamba na 2012 Rajab Tayyib Erdogan, yana firaminista, ya fito fili ya caccaki wani shirin, Muhteshem Yuzyil, don ya nuna Sarki Sulaiman a cikin mata da makircin fada maimakon bisa doki. Shekara biyu bayan haka Ertugrul ya fito, Erdogan ya yabe shi, ya ziyarci inda ake ɗaukarsa, har da kai baƙi. Bayan yunƙurin juyin mulki na 15 ga Yuli 2016, lokacin da aka kori dubban malamai da alƙalai da sojoji daga aiki da sunan cin amana, shirin da ke koyar da cewa maƙiyi na gaske yana cikin tanti ya zo daidai wuyan zamani. Abokan hamayya ma sun gane karatun. A 2018 tashar MBC ta Saudiyya ta daina nuna shirye-shiryen Turkawa, a 2019 ta fito da Mamalikun Nar, inda Salim na Ɗaya ya zama azzalumi mai mamaye ƙasar Larabawa. A 2020 hukumar fatawa ta Masar ta yi gargaɗi a kan finafinan Turkiyya, a shekarar kuma Imran Khan ya sa tashar gwamnatin Pakistan ta nuna Ertugrul da Urdu. Gwamnatoci ne ke jifan juna da kakanni, mu kuma muna tsakiya muna tafi.

Ba laifi ba ne ƙasa ta tallata kanta. Turkiyya ta buɗe ofishin jakadanci a Yamai a 2012, Erdogan ya zo a Janairun 2013, kamfaninsu ne ya sabunta filin jirgin Diori Hamani a 2019, a 2023 kuma suka buɗe TRT Afrika da sashen Hausa. Suna aikinsu, kuma sun iya. Faransa ta yi nata da littattafan lakwal da majigi, iyayenmu suka sha wuya kafin su koyi tambayar littafin da aka miƙa musu. Ban ga dalilin da zai sa mu ajiye wannan tambaya don kawai mai miƙowa na yau ya yi mana sallama ba. Har sunan ma yana taya ruɗani: Daular Usmaniyya muke ce wa ta Santambul, Daular Usmaniyya muke ce wa ta Sakkwato, kuma malamin tarihi a koleji ya san akwai ɗaliban da ke zaton Usman ɗaya ne.

Za a ce mini: ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, munafunci gaskiya ne, Alƙur'ani ma ya yi sura a kansa. Haka ne. Amma a kula da yadda majalisa take a wannan shiri. Dattawa suna zama, ana shawara, ana ɗaga hannu. Sai dai wanda ya saɓa wa Ertugrul, ɗaya daga biyu ne: ko an saye shi, ko an ruɗe shi, kuma zai dawo ya durƙusa ya nemi gafara. Da wuya ka ga inda mai adawa ya yi gaskiya jarumi ya yi kuskure, aka bi shawarar mai adawa aka tsira. Yaron da ya sha wannan sa'o'i 300 ya koyi cewa saɓani alamar cin amana ne, kuma maganinsa takobi. A ƙasar da kalmar maci amana ba ta da wuyar fita daga baki, a ƙungiya, a masallaci, a siyasa, wannan ba tarbiyya ba ce. Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello sun saɓa wa juna a rubuce, Bello da al-Kanemi na Barno sun yi musayar wasiƙu masu zafi a kan halaccin jihadin kansa, kuma duk an adana. Gadon da muke da shi ya fi wanda ake sayar mana faɗin ƙirji.

Sai batun tsabta. Mun kira shirin mai tsabta domin ba a rungumar juna. Amma ana yanka mutum kamar rago, ana buga ƙusa a tafin hannu, ana azabtar da fursuna, ƴan shekara bakwai suna zaune a tabarma suna kallo tare da kakarsu. Ashe ma'auninmu gashin mace kaɗai yake aunawa. Ko wannan ma sutura ce ta wasa: a 2020 masu kallo a Pakistan sun yi wa Esra Bilgic, wadda ta fito a matsayin Halima, ruwan zagi da suka ga hotunanta na yau da kullum a Instagram, domin sun ɗauka matar tanti ce ta gaske. Masu cewa kowa ya san fim ne kawai, ga amsarsu. Rubutun da ake sawa a farkon kowace fitowa, mai cewa daga tarihi aka samo ilhamar labarin, ba mai karanta shi a fuskar salula.

Alhali in tarihin Turkawa da mu ake so, akwai shi, da takardunsa. Mai Idris Aloma na Barno ya aika jakadu Santambul, Sarki Murad na Uku ya ba da amsa a 1577. Idris yana neman amincin hanyar Fezzan ga fatake da alhazai, hanyar da ta ratsa Kawar da Bilma, yana kuma neman a bar masa wani sansani a can. Murad ya yi alkawarin amincin hanya, ya hana sansanin. Ƴan shekaru kaɗan Idris ya juya ya aika wa Ahmad al-Mansur na Maroko, abokin gasar Turkawa. Sarakuna Musulmi ne uku, kowa yana auna ribarsa, babu munafuki ko ɗaya a cikinsu. Akwai kuma Kawusan, wanda ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917 da goyon bayan Sanusiyya, ƙawayen Santambul a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daular da ake yaƙi da sunanta tana fama da kanta a lokacin, mutanen Ayar ne suka biya kuɗin. Sa'a guda a aji a kan wasiƙar Murad za ta koya wa ɗalibi yadda dauloli ke mu'amala fiye da kashi biyar na Ertugrul.

Shirin ya ƙare a watan Mayu na 2019. Kafin shekarar ta fita aka ɗora da na ɗansa, Kurulush Osman, a tashar ATV, da sababbin munafukai da dajin nan dai na kwanton ɓauna, aka yi kashi shida har 2025. Daga nan aka shiga na Orhan. Sarakunan gidan Usman 36 ne, kuma yanzu aka kai na biyu.